Suwaitar ulu da asu ya huda: a yar, a bayar, ko a dafa a yanka?

Maman Hanan (Jidda): Assalamu alaikum jama'ar gida. Tambaya ce da ni ga teloli da masu sana'ar hannu. Matar gidan da nake shugul, wato aikatau, ta kwashe tsofaffin kayan sanyin 'ya'yanta ta ba ni, a ciki akwai suwaitoci masu nauyi, wasu asu ya huda su, wata kuma ta tsuke a wanki ko hannu ba ya shiga. Na ga wata mata a intanet tana wanke irin su da ruwan zafi har su cure su yi kauri, sai ta sa almakashi ta yanka ta ɗinka jaka da silifa. Wai in an yanka ba ya warwarewa. Gaskiya ne ko dabarar kyamara ce?

Abu Usama (Riyad): Wa alaikumus salam. Gaskiya ne Maman Hanan, babu wata dabara. Mu da muke aikin magsala, wato shagon wanki da guga, wannan abin shi ne abin tsoronmu, ku kuma ga shi kuna nemansa da gangan. Gashin tunkiya ba sumul yake ba, kowane sili yana da ƙananan ɓawo-ɓawo masu hawa kan juna, duk suna kallon gefe guda, ido ba ya ganinsu. In ruwan zafi da sabulu suka taɓa shi sai su buɗe. In aka haɗa da gurza, silin ya dinga zamewa gaba ba ya iya komawa baya, yana sarƙewa da na kusa da shi, kamar gashin kan da aka daɗe ba a taje ba. Da ya sarƙe shi ke nan, halas, babu mai kwance shi. Shi ya sa in kin yanka babu zaren da zai ja ɗan uwansa, saƙar ta riga ta mutu.

Maman Hanan (Jidda): To wadda ta tsuke ɗin nan ta riga ta yi rabin hanya ke nan.

Abu Usama (Riyad): Ƙwarai. Ɗaga ta ki kalli fitila ta cikinta. In har kina ganin layin saƙar ko haske yana ratsawa, da saura. In ta zama shafe ɗaya, ta nuna.

Binta (Ɗa'if): Ni na gwada da rigar sanyin maigida, na yi ta juya ta a gassala, wato injin wanki, har na gaji, ta fito yadda ta shiga, sai ma ta ƙara tsawo. Ina jin ƙarya ce kawai ta 'yan neman mabiya.

Telan Misfala (Makka): Ƙanwata Binta, ba ƙarya ba ce, rigar maigidanki ce roba. Yawancin abin da muke kira ulu a kasuwa akirilik ne, daga man fetur ake yin sa, ko shekara za ki yi kina dafa shi ba zai cure ba. Kafin komai a duba 'yar takardar da ke wuya ko a gefen ciki. In an rubuta wool, lambswool, merino, ko suf da Larabci, kuma kason ya kai 80 cikin 100 ko ya fi, to a bismillah. In ya yi ƙasa da haka zai ɗan tsuke amma bakin yankan zai dinga zubar da zare. Akwai kuma wata alama ta ƙulliyar zare mai baƙi da fari da ake kira Woolmark, tun 1964 ake buga ta a jikin kayan ulu na gaske, in kin gan ta kin huta da bincike.

Amma fa akwai tarko ɗaya. In kin ga an rubuta superwash, ko an ce ana iya wanke ta a inji, ki mayar. Ulu ne na gaske, sai dai an bi shi da sinadarin kulorin an kankare ɓawon nan da Abu Usama ya faɗa, aka kuma shafe shi da wani siririn danƙo don kada ya tsuke. An yi ta ne musamman don ta ƙi abin da kike so ta yi.

Binta (Ɗa'if): To kayan haraj, wato kasuwar gwanjo, da yawanci an cire musu takarda fa?

Telan Misfala (Makka): Sai gwajin wuta. Ki zaro ɗan zare daga cikin ɗinkin gefe, ki riƙe da hantsaki, ki kanga masa ashana a kan faranti. Ulu na gaske ba ya son kamawa, da kin janye wutar zai mutu, warin babbakar kan rago za ki ji don abu ɗaya ne, tokar kuma in kin murza za ta dagargaje. Roba kuwa za ta kama bal, ta narke, ta yi baƙin hayaƙi, ta bar miki ƙulli mai tauri. Kada dai ki je Harajin Sawarih ki ce za ki ƙyasta wa mai kaya ashana a tsakiyar kasuwa, in ya bi ki da gudu ba ruwana. A can sai dai hannu da hanci: ulu yana da ɗan kaushi da nauyi, in an matse shi yana dawowa, roba kuma tana da sheƙi da santsi.

Hajiya Babba (Makka): Ni fa tun ɗazu nake karanta ku, raina bai kwanta ba. Riga ce fa, sutura ce. Mutum ya ɗauki rigar da wani bawan Allah zai sa ya ji ɗumi, ya dafa ta da gangan ya yayyanka don ya yi abin ɗora kofi? Ga akwatunan sadakar tufafi nan a bakin masallatai, kowace unguwa akwai. Ga 'yan uwanmu a Sudan cikin hali. Mu da muka taso ba a yar da ko tsumma, amma ba mu taɓa lalata mai kyau don mu yi ado ba. Ku ji tsoron Allah 'ya'yan nan.

Maman Hanan (Jidda): Hajiya Allah ya huci zuciyarki. Waɗanda nake magana a kai duk hudaddu ne, wata ma ƙirjin gaba ɗaya asu ya cinye. Masu kyaun na riga na ware wa maƙwabta.

Hajiya Babba (Makka): Hudadda ma ai ana cin bakinta a sa. Wanda sanyi ya dama ba ya duba huda.

'Yar Gadarif (Sudan): Gwaggo Hajiya, ki yi mini izini in sa baki, tunda mu aka ambata. Rabin maganarki ina tare da ke ɗari bisa ɗari. Tun da yaƙi ya tashi a Afrilun 2023 garinmu ya cika da mutanen Khartum, da aka kama Madani a Disamba na shekarar kuma sai abin ya ninka, ga shi tsakiyar sanyi ne, mutane suna kwana a makarantu a kan siminti. Duk wanda yake da suwaita mai lafiya ya yanka ta don yin jaka, ni ma ban ga kyan hakan ba. Ya bayar.

Amma ɗaya rabin, Gwaggo, wallahi mun ga abin takaici. A buɗe buhun taimako a tarar da riga hannu ɗaya, wata da tabon mai, wata ta tsuke ko jariri ba za ta shiga ba. Wanda ya gudo daga gidansa jiya malamin makaranta ne, likita ce, ɗan kasuwa ne. Talauci ya same shi, mutuncinsa bai tafi ba. Kuma an biya kuɗin jirgi an ɗauko wannan tsumman, ya tare wurin bargo. Irin waɗannan ne muka dinga tarawa muna dafawa, muna yanka wa yara takalman barci da huluna, ragowar a haɗa a yi shimfiɗar jariri. Wadda ta tsuke ɗin nan ma ta fi tare iska, don babu ƙofar da sanyi zai bi. To kin ga ba adon banza ba ne kaɗai.

Hajiya Babba (Makka): Allah sarki 'yata. Allah ya kawo muku ƙarshen wannan fitina. In don yara ne ban ce komai ba. Abin ɗora kofin ne dai har yanzu ban yarda da shi ba.

Baban Sadik (Tabuka): Amin. Hajiya ku mutanen Makka da Jidda ba ku san sanyi ba, sai na mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki. Ku zo nan a watan Janairu ku ga ƙanƙara tana sauka a Jabal Lauz, ko ku hau hanyar Ɗuraif da Arar da asuba, ma'auni yana sauka ƙasa da sifiri. Ni direban tirela ne. Abin da na fi so a cikin duk abin da kuka lissafa shi ne shimfiɗar cikin takalmi. A ɗora ƙafa a kan curarren ulun a zana, a yanka, a zura cikin but. Ulu yana shan gumi bai kuma yi sanyi a fata ba. Makiyayan nan, yawancinsu 'yan Sudan, da farwa, wato alkyabbar sanyi mai gashi, suke yawo amma ƙafa ce ke ba su wahala. Wanda yake da ragowar yanka ya tara mini, zan raba musu.

Saurayin Sabil (Jidda): Ni dai in faɗi gaskiyata ko za a yi mini ca. Wannan wahalar ta mece ce? Ruwa, wuta, sabulu, zaman ɗinki, duk don jakar da za ka samu a shagon abu hamsa, mai kayan riyal biyar? Wannan sana'ar Turawan da sanyi ya hana fita ce. Mu a Jidda wa zai rataya jakar ulu cikin wannan gumin?

Telan Misfala (Makka): Ɗana, jakar abu hamsa wata nawa take yi kafin zif ya mutu? Bar ma jaka. Ka ɗauki abin sauke tukunya na shagon ka kai shi kusa da wutar gas ka ga yadda zai narke ya manne maka a hannu. Ulu ba ya narkewa, kuma sai zafi ya haura digiri 500 kafin ya kama. Ninki biyu na curarren ulu ya ishe ka ɗauke tiren kabsa daga tanda. Matanmu masu dafa abincin sayarwa su ne za su gaya maka darajarsa.

Alhaji Dattijo (Madina): Yaro, zo nan in tambaye ka. Ka ce sana'ar Turawa ce. Jar dara da kakanka yake naɗa rawani a kai, da me aka yi ta?

Saurayin Sabil (Jidda): Baba ai ita masana'anta ce ke yi.

Alhaji Dattijo (Madina): To saurara. Dara ta asali daga Tunis take zuwa, su suna ce mata shashiya. Mata ne suke saƙa ta da farin ulu, ta fito ƙatuwa sakwaf, ta fi kan mutum nesa ba kusa ba. Sai a kai ta wani wuri da ake kira Battan a bakin kogin Majarda, a jiƙa ta da ruwa da sabulu a yi ta bugu har ta tsuke ta cure, saƙar ta ɓace. Daga nan a taje ta da busasshen kan wata ƙaya don gashin ya tashi, a rina ta ja, a ɗora a kan ma'auni ta bushe. Har yau kasuwar masu yin ta tana nan a tsohon birnin Tunis kusa da masallacin Zaituna, ana ce mata kasuwar Shawwashin. Musulmin Andalus da aka koro daga Sifen daga 1609 su ne suka bunƙasa sana'ar a can, fatake kuma suka dinga ratso Sahara da ita ta Tarabulus da Gadamus har Kano da Barno. To gaya mini, mene ne bambancin wannan da abin da Maman Hanan take son yi? A saƙa, a jiƙa, a buga, ya cure. Bambancin kawai ita wani ya riga ya yi mata saƙar. Hular da sojoji da 'yan sanda suke karkatawa gefe ma haka ake yin ta. Ɗaruruwan shekaru muna ɗora abin nan a ka cikin zafin Kano, ba wanda ya ce na Turawa ne.

Binta (Ɗa'if): Ikon Allah. Ashe 'yan Kwankwasiyya duk tsohuwar suwaita suke yawo da ita a ka.

Mai kula da zaure: Anti Binta, an hana siyasa a nan. A koma kan ulu.

Saurayin Sabil (Jidda): Baba na karɓi ta dara. Amma jakar ulu a Jidda har yanzu ban saya ba.

Maman Hanan (Jidda): Ba kai za a rataya wa ba ai. Abu Usama, don Allah ba ni yadda ake yi a gassala dalla-dalla, tawa mai baho biyu ce.

Abu Usama (Riyad): Taki ma ta fi dacewa da aikin. Mai ƙofa a gaba tana lallaɓa kaya kuma ba ta buɗuwa sai ta gama, ita kuwa mai baho biyu tana dukan kaya sosai, kina iya tsayar da ita ki duba duk lokacin da kika so.

Ki fara cire maɓallai da zif da takarda. Ki zura suwaitar cikin rigar filo ki ɗaure bakin tam. Wannan kada ki yi wasa da shi, gashin da ke zuba yana da yawa, in ya bi bututu ya toshe, kuɗin mai gyara ya fi kuɗin jakar. Ruwa ya kai kamar digiri 60, kuma kaɗan, iya wanda zai rufe kayan, don in ya yi yawa sai su dinga iyo ba sa gugar juna. A lokacin zafi ko hita ba kya buƙata, ruwan tankin saman bene da azahar ya isa. Sabulu kaɗan, kumfa mai yawa tana rage gurza. Kada ki sa mai laushin kaya. Ki jefa tsohon wandon jins ɗaya ko biyu su taya duka, ban da tawul, tawul zai bar miki fararen gashi a jiki. Duk bayan minti goma ki ciro ki duba. In ta yi, ki tsoma ta cikin ruwan sanyi nan take, wannan canjin daga zafi zuwa sanyi yana ƙara ɗaure ta. Kala kuma kowa da nasa, ja da shuɗi mai duhu suna zuba.

Ki sa a ranki za ta ragu da kamar kashi ɗaya cikin uku, wata ma ta fi, kuma tsawo ya fi faɗi raguwa. Don haka a nemi ta manyan maza. Ta yara in ta gama tsukewa sai dai rigar waya.

'Yar Gadarif (Sudan): Wanda ba shi da inji ko wuta kamar mu, kada ya ce ba zai iya ba. Baho, ruwan da aka ɗora a gawayi, sabulun wanki na sanda. In ruwan ya huce yadda ƙafa za ta iya jurewa sai a shiga a yi ta tattakawa, yara ma suna so. Mu daga baya turmi muka koma, a naɗe ta da kumfarta a saka a dinga kirɓawa da taɓarya ana juyawa. Ya fi sauri kuma ya fi cin ruwa kaɗan, mu kuwa ruwa saye muke yi a wurin masu karo, wato amalanken jaki.

Hajiya Babba (Makka): Turmin da ake daka abinci? Kayan gwanjon da ba a san wanda ya sa ba?

'Yar Gadarif (Sudan): A'a Gwaggo, wani tsoho ne da ya tsage gindi.

Ummu Rayyan (Madina): Tunda an zo maganar kayan gwanjo da asu, bari in sa baki a matsayina na ma'aikaciyar jinya. Wankin digiri 60 ɗin nan yana kashe asu da ƙwansa, wannan an huta. Abin da nake jin tsoro shi ne ajiya bayan an gama. Mutanenmu da an ce ulu sai a watsa ƙwallayen kafur a akwati. Fararen ƙwallayen nan yawanci naftalin ne, kuma akwai wani ƙarancin sinadarin jini da ake gado, G6PD, wanda Larabawa suke dangantawa da cin ful, wani irin wake. Yana da yawa a cikin mutanen Afirka ta Yamma da kuma gabashin Saudiyya, ya fi kama maza. Jaririn da yake da shi in aka sa masa kayan da suka sha kafur, jininsa yana iya fashewa, ya yi shawara mai tsanani. Ulu kuwa yana riƙe wari. Don Allah duk abin da za a yi wa jariri, takalmi ne ko hula ko shimfiɗa, a wanke, a busar sosai, a sa a leda mai zif, ban da kafur. In ana zargin asu, a sa ledar a firiza ta yi mako guda.

Na biyu, kada a ɗinka wa na jarirai duwatsun ado ko maɓalli, suna tsinkewa su kai baki.

Maman Hanan (Jidda): Allah ya saka da alheri Anti nas, wallahi akwatina cike yake da kafur. Yau zan zubar.

Ɗan Kofar Wambai (Jidda): Ni tambayata daban ce. Ƙanwata a Kano tana saƙar kayan jarirai, ragowar zare ya taru mata buhu guda. In ta saƙa ta dafa zai yi?

Telan Misfala (Makka): Ka ce ta yi gwajin ashana, amma kusan na tabbata roba ne, zaren saƙar jarirai na kasuwannin gida kusan duk akirilik ne. Gara ta shiga layin 'yan gwanjo a nan Kofar Wambai ɗinku lokacin da hunturu ya wuce, ta tona dilar suwaita, ana samun na Ingila da Italiya a ciki da araha don ba mai nema.

Baban Sadik (Tabuka): Abin mamaki, ga tumaki har tumaki a ƙasarmu amma ba mu da ulu.

Alhaji Dattijo (Madina): Tumakinmu masu gashi ne ba masu ulu ba. Balami, Uda, 'Yankasa, duk gajeren gashi ne mai kauri da ke zuba da kansa, haka Allah ya yi su don zafi. Na Sudan ma da ake lodowa daga Sawakin zuwa Jidda lokacin layya, Hamari da Kabbashi, haka suke. A nan Saudiyya irin tumakin da ake kira Na'imi yana da ulu amma mai kaushi, ya fi dacewa da darduma da saƙar sadu ta matan ƙauye, wadda UNESCO ta sa cikin kayan gadon duniya a 2020. Mai laushin da ake suwaita da shi yawanci na tunkiyar merino ne, Ostireliya ce kan gaba wajen samar da shi. Shi ya sa tun da can ulu a wurinmu kayan fatake ne, dara da alkyabba da bargo, sai mai hali.

Binta (Ɗa'if): Malam Ɗalibi yana nan kuwa? Ina son in yi wa yarana gafaka ta zuwa tahfiz. Ya halatta a sa Alƙur'ani a cikin abin da aka yi da tsohuwar rigar wani? Kuma ulun ƙasashen waje wa ya san ko daga mushe aka aske?

Malam Ɗalibi (Madina): Ina nan Anti. Ta biyun tana da sauƙi. Allah ya ambaci ulun dabbobi da gashinsu cikin ni'imomin da ya yi mana a Suratun Nahli aya ta 80, ya ce a yi kayan ɗaki da abin amfani da su. A mazhabarmu ta Malikiyya, kamar yadda yake a Mukhtasar na Khalil, ulu da gashi masu tsarki ne in aske su aka yi, ko da daga mushe ne. Balle ma ulun kasuwa yawanci daga tumaki masu rai ake askewa duk shekara. Ta farkon kuma, tufa in an wanke ta ta tsarkaka, wannan kuwa ta sha wankin da ya fi na kullum. Abin da zan ƙara na ladabi ne: a zaɓi ɓangaren baya ko ƙirji mai tsafta, a yi masa shafi da sabon yadi daga ciki, kuma in akwai hoton dabba ko rubutu a jikin rigar a kauce masa.

Telan Misfala (Makka): Shafin nan ma ko ba don ladabi ba dole ne. Bari in ba ku na ɗinki, in koma bakin aiki, alhazan umara sun cika mini shago.

In ta fito daga ruwa kada a rataye ta, za ta zazzago. A naɗe cikin tsohon zane a taka ruwan ya fita, a shimfiɗa a inuwa, a ja gefunan da hannu su daidaita. In ta bushe a bi ta da guga mai tururi. Sai a farke: a yanke hannuwa, a buɗe gefe da gefe, a sami falle biyu manya. Bakin ƙasa da bakin hannu masu roba-roba ba sa curewa daidai da jiki, amma kada a yar, su ne bakin safar hannu ko bakin rigar fulas. Hannun riga kuwa ya riga ya zama bututu, ɗinki ɗaya a ƙasa ya zama rigar kwalbar ruwa ko mazubin gilashin ido.

Ba a kalmasa baki, kauri zai yi yawa, kuma ba ya buƙata. A keke a sa allura mai lamba 16, a buɗe tsawon ɗinki zuwa milimita 4, kada a ja yadin, a bar keke ya ci da kansa, in ba haka ba bakin zai yi tuƙƙu. Mai kauri sosai, irin mai zanen kala-kala da zare ke ratsawa ta baya, da hannu ya fi, da zare mai kauri a bi bakin. Jaka kuma ulu yana miƙewa in ya ji nauyi, don haka a yi mata shafi da atamfa, hannun kuma a yi da tsohon bel na fata. Wanda ya yi hannun jaka da ulu, bayan wata guda jakar tana gwiwarsa.

Silifa ita ce mai haɗari. A kan tayil da marmara na gidajen nan santsi take yi sosai, tsohuwa za ta iya karya ƙugu. Dole a ɗinka mata fata a ƙasa, ɓangaren kaushin yana kallon ƙasa.

Binta (Ɗa'if): To in hannuna ya faɗa sai in buɗe shafi in fara sayarwa, nan Ɗa'if muna da sanyi, 'yan yawon buɗe ido kuma suna hawowa tsaunukan Shafa da Hada.

Abu Usama (Riyad): A hankali dai Anti Binta. Mai iƙama, wato takardar zaman baƙo, ba shi da izinin yin sana'ar da ba ita aka rubuta masa ba, kasa kaya a titi kuma baladiyya, wato hukumar birni, ba ta ɗaga ƙafa. Tsarin iyalai masu sana'ar gida da kike gani a bukukuwa na 'yan ƙasa ne. Ki yi wa gidanki, ki yi kyauta, ki aika gida tsaraba lokacin hunturu, mutanen Jos da Zariya za su sa miki albarka. In kasuwar kike so, ki koya wa wata a gida ta yi a can.

Saurayin Sabil (Jidda): Tela, rigar laftof fa? Ba wai na sauko ba ne, tambaya ce kawai.

Telan Misfala (Makka): Ta yi, ita ce ma mafi sauƙi, falle biyu da zif. Ka auna na'urar ka ƙara santimita biyu kowane gefe saboda kauri. Ka nemo suwaita ta babban mutum mai kala ɗaya, ka kai wa Maman Hanan ta dafa maka tare da nata in kalar ta zo ɗaya, ka kawo mini in ɗinka. Zif ɗin kai za ka saya.

Maman Hanan (Jidda): Ya kawo kafin Juma'a, ranar nake hutu. Toka-toka da baƙi zan fara sawa. Baban Sadik, lambar takalmi nawa makiyayan suka fi sawa, in yanka daidai?

Baban Sadik (Tabuka): Ki yi 42 zuwa 44, wanda ya yi wa yawa ya rage da almakashi. Ina saukowa Jidda da kaya ƙarshen wata, zan yi magana a nan kafin in taso.